Tsabar Kuɗin Da Kasuwa Ta Ƙi Na Iya Zama Jari

JOS: A kasuwar Taminus da ke Jos, da wuya a yau ɗan kasuwa ya karɓi tsabar kuɗi, domin hauhawar farashi ta cinye darajarsu. Sai dai a wurin masu tara tsofaffin kuɗi, lissafin daban yake.

Abubuwa uku ke yanke farashi: yawan waɗanda aka buga, lafiyar jikinsu, da yawan masu nema. A Amurka, an buga dalar ƙarfe ta Sacagawea da yawan gaske a 2000, saboda haka mafi yawansu ba su wuce dala ɗaya ba. Amma 'yan kaɗan daga cikin guda 5,500 da aka saka a kwalayen Cheerios, masu zanen gashin wutsiyar gaggafa na daban, sun kai dubban daloli.

Darasin ya shafi Nijeriya. Kwabo mai huji na zamanin Turawa, da kwabon 1973, da naira ɗaya ta 1991 mai hoton Herbert Macaulay, duk sun cancanci adanawa. Wanda ya goge su ko ya narkar, ya rage musu daraja da hannunsa.