Tankin da Aka Juye Ya Fi Cikakke Haɗari

Mai gida, yanzu da wuya ka shiga ƙauye ba ka tarar da babur ko a-kori-kura ba. Wata rana motarka za ta soma tari, tana tafiya tana mutuwa, a ce maka datti ne ko ruwa ya taru cikin tankin mai. Bakanike kuwa yana can birni, sai ka ce bari ka sauke tankin da kanka. To, ba laifi, amma ka saurara tukuna.

Abin da ke kama wuta

Mutane da yawa suna tsammani da an juye fetur daga tanki haɗari ya wuce. Ba haka ba ne. Ba ruwan fetur ne ke kama wuta ba, tururinsa ne, watau abin nan da kake jin warinsa. Tankin da aka juye kuwa cike yake da tururi gauraye da iska. Kashi 2 na tururi cikin 100 na iska ya isa. Tartsatsi ɗaya tak, sai tanki ya fashe.

Tururin nan ya fi iska nauyi ninki 3 ko 4, saboda haka ba ya tashi sama kamar hayaki. Ƙasa yake bi, ido ba ya ganinsa, ya ratsa zaure har ya kai murhun uwar gida, wuta ta biyo shi baya zuwa inda kake kwance. A watan Oktoba na 2024 tankar fetur ta faɗi a Majiya, cikin Jihar Jigawa, jama'a suka taru suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Irin wannan man ne ke cikin motarka.

Kafin ka taɓa sifana

Ka yi aikin a fili, da safe, sa'ad da inji ya huce. Ka nisanci madafa da rumbu da danga. A kashe janareto, kada kowa ya sha taba, a kori yara. Ka ajiye bokiti 2 cike da yashi kusa, gama ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Da hunturu ka sa rigar auduga, don rigar roba takan yi tartsatsi in iska ta bushe. Kada ka yi aikin kai kaɗai.

Sauke tanki

Motocin zamani suna da famfo cikin tanki, man da ke cikin bututu kuwa a matse yake. Ka zare fis ɗin famfon, ka ta da inji har ya mutu don kansa. Sa'an nan ka kwance wayar batir mai alamar ragi, yawanci baƙa ce.

Ka janye sauran man da famfon hannu zuwa jarka mai murfi. Lita 40 ta fetur ta kai nauyin kilo 30, ba abin saukewa a kan ƙirji ba ne. Faufau kada ka zuƙi tiyo da baki. Ɗigo kaɗan in ya shiga huhu yakan kawo ciwo mai tsanani, har ya kashe.

Ka tokare tayoyi. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka dogara ga bulo, yakan farfashe. Ka sa ƙafafun ƙarfe ko gungume mai ƙwari. Ka tallabe tankin da katako, ka kwance tiyo da wayoyi, sa'an nan notunan maɗaurinsa, ku sauke shi a hankali. In noti ya cije ka ɗiga masa baƙin mai ka jira. Kada ka buga da guduma, kada ka gasa shi da wuta.

Wanki da gyara

Ka juye lakar da ke ciki, ka wanke da ruwa da garin sabulu, ka ɗauraye, ka bar shi a buɗe ya bushe ƙayau. Kada ka leƙa ciki da ashana ko fitila. Ruwan wankin kada ya je kwata ko kusa da rijiya. Ka sake tiyon da ya tsattsage da matatar mai.

In tanki yana yoyo, a nan aikinka ya ƙare. Ko an wanke shi, tururi yakan saura cikin tsatsa da lungunan ƙarfe. Kada ka yi masa walda, kada ka kai wa mai walda ba ka faɗa masa na fetur ne ba. Sayen wani tankin ya fi. Haka dokar take ga tankin babur da na injin ban ruwa. Bayan ka mai da shi, ka duba ko'ina babu ɗigo kafin ka ta da mota.

In tsautsayi ya auku

Wanda rigarsa ta kama wuta kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. A yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta a kan ƙunar har minti 20. Kada a shafa ƙwai ko man goge baki. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti.

Wanda ya haɗiyi fetur kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A kai shi asibiti nan da nan ko da yana cewa lafiya lau, don ciwon huhun yakan bayyana bayan sa'o'i.

Uwar gida, ke ma da naki aikin. Kada ki yarda a ajiye fetur cikin kwalbar lemo ko cikin ɗakin kwana, gama yaro ruwa zai zata.

Ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda. In kunne ya ji, jiki ya tsira.