Sunan Sa'adatu da Rumbun Bayanai

Shirin namu na yau na masu rubuta manhaja ne, amma ya shafi duk wanda ya taɓa cike fom a intanet.

Ga misali: wata manhajar rajistar ɗalibai ce, tana tafiya lami lafiya. An shigar da Musa, an shigar da Binta. Da aka zo kan Sa'adatu sai ta cije, allo ya cika da saƙon kuskure. A harshen SQL, alhamzar nan da ke tsakiyar sunan ita ce alamar buɗe zance da rufe shi. To idan an liƙa suna kai tsaye cikin umarnin da za a tura wa rumbun bayanai, rumbun zai ɗauka sunan ya tsaya a "Sa", ragowar kuma umarni ne.

Wasu sai su goge alamar su huta. Wannan danne ciwo ne kawai, domin kafar tana nan a buɗe, kuma ɓarawo na iya cusa nasa umarnin ta cikinta. Haka aka yi wa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya a 2015, aka kwashe bayanan mutum kusan 157,000, hukuma kuma ta ci shi tarar fam 400,000.

Gyaran gaskiya shi ne a rubuta umarnin da gurbi, a tura sunan daban. Sai dai nan ma akwai tuntuɓe. A Python, SQLite alamar tambaya take karɓa a matsayin gurbi, psycopg2 kuwa alamar kaso ce da harafin s. Kada a kewaye gurbin da alamar zance, in an yi haka ya zama rubutu kawai. Ga wani mai wahalar da sababbin hannu: ƙima ɗaya tak a cikin baka, aka manta waƙafi a bayanta. Sai Python ya ƙirga haruffan "Musa", ya ce gurbi ɗaya ne amma an kawo abu 4.

Sunan tebur kuwa ba ya shiga gurbi sam. A ware sunayen da aka amince da su, a riƙa zaɓa daga ciki.

Matasanmu masu wannan sana'a, don Allah idan gurbi ya ba ku wahala, ku karanta saƙon kuskuren a natse ku gyara, kada ku koma liƙe-liƙe. Amanar bayanan jama'a tana hannunku.