Tuƙin keke domin yara marasa lafiya: Abin da Limawa za ta iya ɗauka daga duniya

A kowace shekara ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar sikila a Najeriya, adadin da ya zarce na kowace ƙasa a duniya. Ta fuskar cutar daji kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran da suka kamu suna warkewa a ƙasashe masu arziki, alhali a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su kai kashi 30 ba. Ɗaya daga cikin dalilan wannan giɓi shi ne yanke jinya kafin a kammala.

Magidanci a Limawa, cikin Jimeta, ya san yadda hakan ke faruwa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola ba shi da nisa, kuma tun yana Cibiyar Lafiya ta Tarayya ya yi suna wajen raba tagwayen da aka haifa a manne, ƙarƙashin Farfesa Auwal Abubakar. Likitoci dai akwai su. Abin da ke karya iyaye shi ne kuɗin gwaji, da na ƙarin jini, da na Keke Napep, da abincin mai jinya, ga sana'ar da ta tsaya cik tun ranar da aka ba yaro gado. Wanda ya taso daga Mubi ko Ganye kuwa, nauyinsa ninki ne.

Irin wannan rami ne masu tuƙin keke na sa-kai suke cikewa a wasu ƙasashe. A shekarar 1980 Billy Starr ya fara tuƙin Pan-Mass Challenge a jihar Massachusetts ta Amurka da mahaya 36, suka tara dala 10,200. Zuwa 2024 jimillar abin da aka miƙa wa cibiyar cutar daji ta Dana-Farber ta haura dala biliyan 1. Tsarin mai sauƙi ne: kowane mahayi yana neman gudummawa daga dangi da abokan aiki, kamfanoni su ɗauki ɗawainiyar taron, abin da mahaya suka tara kuma ya tafi asibiti ba a taɓa ko sisi ba.

Ɗan Najeriya ma ya gwada makamancin haka. A 2022 Kunle Adeyanju ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas domin tara wa Rotary kuɗin yaƙi da shan inna.

Keke ba baƙo ba ne a Jimeta, kuma hanyar da ta haɗa ta da Yola ta isa tuƙin safiya guda. Abin da zai raya irin wannan yunƙuri shi ne amana: asusu mai rajista, haɗin gwiwa da sashen walwalar marasa lafiya na asibiti, da lissafin da za a baje wa kowa.

A nan ne ma'aikatan tarayya da hadiman manya suke da rawar takawa. Ranar 3 ga Yuni, Ranar Keke ta Duniya, jami'an kiyaye haɗurra kan jagoranci tuƙi a Abuja. Da kowane mahayi zai fito da alkawarin gudummawar ofishinsu, da wani yaro a Limawa ya ƙarasa maganinsa.