Sana'o'in Hannu da Al'adar Ƙararrawa a Ƙasar Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Nufinmu a cikin wannan takarda shi ne mu dubi sana'o'in hannu a gabashin Jihar Kano, watau ƙasar Gaya da maƙwabciyarta Ajingi wadda ke arewa da ita, mu ga inda aikin sha'awa ya tsaya da inda neman abinci ya soma. Sa'an nan za mu ɗauki abu guda daga cikin kayan da maƙera ke yi, watau ƙararrawa da danginta, mu bi shi tun daga maƙera har zuwa fada da kasuwa da makaranta. Mun zaɓi ƙararrawa ne domin ba a cika kula da ita ba. Masu nazarin kiɗan Hausa sun fi karkata ga ganguna da kayan busa, su kuwa masu nazarin ƙira sun fi karkata ga garma da fartanya, sai aka bar ta a tsakani.

Gaya da Ƙira

Ba za a yi zancen ƙarfe a ƙasar Kano ba a ambaci Gaya ba. Labarin da aka gada daga bakin magabata ya nuna cewa waɗansu maƙera ne suka taso daga Gaya suna neman tama, har suka same ta a gindin Dutsen Dala suka zauna, kuma an ce sunan babbansu Kano. Zuriyarsu ce ake kira Abagayawa a cikin birni. Labarin baka ba ya zama hujja shi kaɗai, amma masu haƙar kayan tarihi sun sami alamun narka tama a Dala waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu zuwa wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Littafin Tarihin Kano kuma, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci Sarkin Gaya tun zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452-1463), ya kuma kawo labarin tawayen Sarkin Gaya Farin Dutse a zamanin Sarki Dadi (1670-1703). Ashe ke nan garin ya daɗe da nauyi a harkar mulki da ta sana'a. A 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai cin gashin kanta, aka rushe wannan tsari a 2024, sa'an nan a cikin shekarar aka maido da ita a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum fiye da 200,000, ta ba Ajingi fiye da 170,000, kuma mafi yawansu manoma ne.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce mabuɗin sauran bayani. A wannan yanki damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Da an kai amfanin gona gida, sai manomi ya sami kansa da rabin shekara a hannu. Ko dai ya tafi cin rani, ko ya yi lambu in yana da fadama, ko kuwa ya zauna a ƙofar gida ya kama wani aikin hannu: tufkar igiya da rama, saƙar zana da gamba, saƙar tabarma da kaba, sassaƙar ƙota da turmi, ɗinkin hula. Mata kuwa ba su da rani da damina a wannan fage. Faifai da mafici da kaɗin zare da ɗinkin hula aiki ne na bayan an sauke tukunya.

Sha'awa ko Sana'a?

Turawa suna da kalma ta musamman da suke kiran aikin da mutum ke yi don jin daɗin ransa kawai, ba don kuɗi ba. Hausa ba ta da kalma guda mai wannan ma'ana, sai dai a ce aikin sha'awa, ko abin ɗebe kewa, ko na rage zaman banza. A ganinmu wannan ba giɓi ba ne a cikin harshen. Dalili shi ne, a rayuwar ƙauye ba a raba abubuwan biyu ba. Tsohuwar da ke saƙa faifai tana zaɓen launi, tana rina kaba ja da kore, tana fitar da zane wanda maƙwabta za su gane nata ne ko ba a faɗa ba. Wannan sha'awa ce. Amma faifan nan zai shiga kayan ɗakin jikarta, ko a ba yarinya ta kai kasuwa, kuɗin kuma su shiga adashi. Polly Hill ta kira irin wannan harka ɓoyayyen ciniki a wani rubutu nata na 1969, domin mai ƙidayar rumfunan kasuwa ba zai gan shi ba, alhali kuwa da shi ake yin biki da suna, da shi ake tara kayan gara.

Rabon da Bahaushe ya sani shi ne na gado da haye. Ɗan gado ya buɗe ido ya tarar da sana'a a gidansu, ɗan haye kuwa shiga ya yi daga waje. Ɗinkin hula da saƙar tabarma suna karɓar kowa. Ƙira ba haka take ba. Tana da sarkinta, watau Sarkin Maƙera, tana da kiɗanta na dundufa, tana da wasan wuta da asiranta, kuma yaro yakan fara ne da zuga tun yana ƙarami kafin a bar shi ya riƙe masaba. Philip Jaggar, wanda ya yi bincike a kan maƙeran birnin Kano, littafinsa kuma ya fito a 1994, ya bayyana rabuwarsu gida biyu: maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da makamantansu. Ƙararrawa ta ratsa gidajen nan biyu, kamar yadda za mu gani.

Kuge

Kuge aikin maƙeran baƙi ne. Ba shi da harshe a cikinsa, bugunsa ake yi daga waje, galibi da ƙaho. Maƙeri yakan ɗauki ƙarfe ya yi ta dukansa a kan uwar maƙera har ya zama falle, ya yanka shi gida biyu daidai wa daida, ya lanƙwasa kowane ɓari ya yi ciki, sa'an nan ya haɗa gefunansu, ya mai da su wuta har su yi fari, ya buge su su zama abu guda. A nan gwaninta take. In wuta ta gaza, haɗin ba zai kama ba. In ta yi yawa, ƙarfen ya ƙone. In kuwa an bar 'yar tsaga ko da kamar silin gashi ce, amon zai mutu, sai a ji shi kamar ana bugun fasasshen kwano. Idan tagwaye ake so, sai a ƙera biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya girma, a haɗa su da wani lanƙwasasshen ƙarfe wanda shi ne mariƙi. Babban yana ba da amo na ƙasa, ƙaramin na sama. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, amo biyu sun isa a kwaikwayi tashi da saukar magana, mai sauraro ya gane taken da ake nufi.

David Ames da Anthony King sun sanya kuge a cikin ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971, kuma sananne ne cewa kayan fada ne. Da shi ake jan hankalin jama'a kafin shela, a zamanin da kuma yana cikin kayan yaƙi. Saboda haka ba kowa ke da ikon mallakarsa ba, maƙeri ma ba ya ƙera shi ya kai kasuwa yadda yake kai lauje. Sai an aiko.

Yana da kyau mu lura cewa wannan ba al'adar Hausawa ba ce su kaɗai. Jan Vansina ya yi rubutu a 1969 a kan yadda tagwayen ƙararrawa na ƙarfe suka zama alamar sarauta a ƙasashe da dama na tsakiyar Afirka, an kuma tono irinsu a kangon tsohon birnin Zimbabuwe. Ibo suna da ogene, Yarabawa suna da agogo, wanda bayi suka ƙetare teku da shi har ya zauna a kiɗan Barazil da sunansa. Wanda ya riƙe kuge a ƙofar fada, ko bai sani ba, yana riƙe da wani abu da ya haɗa shi da rabin nahiya.

Gwarje da Ƙananan Ƙararrawa

Ƙananan ƙararrawa masu ƙwaya a ciki, irin waɗanda ake rataya wa doki ko jaki, waɗanda ake kira gwarje, mafi yawansu aikin zubi ne. Maƙerin fari yakan dunƙula laka da 'yar tsakuwa a tsakiyarta, ya lulluɓe ta da kakin zuma gwargwadon kaurin da yake so, ya bar tsaga a ƙasa, ya sake rufe duka da laka. In ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai ya zuba narkakkiyar tagulla ta cike gurbinsa. Bayan ta huce ya fasa lakar waje, ya ƙwaƙule ta ciki ta wurin tsagar, tsakuwa ta saura tana yawo. Kowane ƙwanso sau ɗaya ake amfani da shi, shi ya sa ba a samun biyu masu murya ɗaya. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai a Nijeriya: a cikin kayan da Thurstan Shaw ya tono a Igbo-Ukwu a 1959 da 1960, waɗanda aka danganta da ƙarni na 9 zuwa na 10, har da ƙananan ƙararrawa. Maƙeran Turai sukan haɗa kashi huɗu na jan ƙarfe da kashi ɗaya na kuza don manyan ƙararrawa, kuma ƙasar Kano ba ta rasa kuza ba, tun da an daɗe ana narka ta a Riruwai kafin zuwan Turawa.

Akwai dalilin da ya sa ba mu da manyan ƙararrawa na hasumiya irin na Turai. Littattafan hadisi sun kawo cewa sa'ad da ake shawarar yadda za a riƙa tara mutane salla a Madina, an kawo zancen ƙararrawa da na ƙaho, aka bar su duka aka ɗauki kiran salla da muryar mutum. Akwai kuma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim mai nuna ƙin rataya ƙararrawa a cikin ayarin matafiya, malamai kuwa sun yi bayani mai yawa a kan iyakar hukuncinsa. Don haka sai ƙararrawa ta tsaya a harkar duniya: kayan doki ranar hawan Salla, ƙugun gardi mai wasa da kura, hannun ɗan gwanjo, da akayau na ƙafar masu rawa, wanda ɗan'uwanta ne ko da yake ba ita ba ce.

Zuwan Turawa ya ba ta wani sabon aiki, watau faɗar lokaci. A bariki da makaranta akan rataya guntun ƙarfe a bishiya a riƙa bugunsa bisa adadin sa'o'i, kuma ana ganin daga nan ne muka sami "ƙarfe biyu" da "ƙarfe goma". Kalmar agogo ita ma aro ce daga Yarabanci, inda asalin ma'anarta ƙararrawa. Har gobe a makarantun firamare na karkara za a tarar da tsohon ƙarfen ƙafar mota a rataye, da yaro guda wanda aikinsa ke nan ya buga shi. Babu maƙerin da ya sami ko kwabo a kan wannan ƙararrawa.

Halin da Ake Ciki

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da tarkacen ƙarfe mai araha, sannu a hankali narka tama ya mutu. Maƙera ba su yi asara a lokacin ba, hasali ma sun huta da wahala, kuma har yanzu da sifirin na mota da makamantansa suke ƙera garma da fartanya. Manomin Gaya ko Ajingi ba zai daina bukatar maƙeri ba muddin yana huɗa da shanu. Inda matsala take shi ne kayan da ba a saye kullum. Kuge ɗaya yana iya shekara hamsin a fada, saboda haka maƙeri na iya ƙare rayuwarsa ba a aiko masa ya yi ko guda ba, ɗansa kuma ba zai ga yadda ake haɗa gefunan ba balle ya koya. Wanda ya iya walda zai iya liƙa falle biyu cikin minti kaɗan, amma siffar kawai zai samu, sai ya san kaurin da ya dace da kuma inda ake rage shi kafin ya sami amon. Gwarje kuwa yana gasa da na kamfani da ake shigowa da su buhu-buhu. Sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da hukumar UNESCO ta yi a Disamba 2024 zai iya ƙara kasuwar kayan doki, amma ba lalle ne ribar ta kai ga maƙerin ƙauye ba, domin mai hawa kyan gani yake nema, ba ya tambayar wanda ya yi.

Ta wajen mata, tabarmar roba da faranti sun ci rabin kasuwar kaba, kaɗin zare kuwa ya koma hannun tsofaffi ƙalilan. Ɗinkin hula ne ya tsaya da ƙafarsa, har ya bunƙasa, don kuwa mai kuɗi yana bambanta ɗinkin hannu da na inji, yana kuma biya. Amma a nan ma akwai abin dubawa. Sau da yawa ɗan kasuwa ne ke kawo yadi da zare da zane, mai ɗinki ta yi makonni a kan hula guda, a biya ta ladan aiki, sa'an nan a kai hular wurin masu wanki da guga, ta isa Kurmi ko kasuwar Wudil ta ranar Juma'a da farashin da ita ba za ta taɓa ji ba. Masu tsara shirye-shiryen koyar da sana'a sukan ɗauka cewa abin da matan karkara suka rasa shi ne koyarwa, sai a tara su kwana uku a koya musu yin sabulu da man shafawa. Matar da ta iya ƙirga zare ta fitar da zane a kan hula ba koyarwa ta rasa ba. Abin da ba ta da shi jarin sayen zarenta ne, da sanin farashin birni. Wayar hannu ta fara taimakawa a kan na biyun, tun da yanzu ɗanta ko ƙanenta na iya ɗaukar hoton hula ya aika wa mai saye a Kano ko Kaduna ta WhatsApp, a yi ciniki, a ba direban mota saƙo.