Shekara 40 da Aure: Ma'aurata Sun Koma Yankari Inda Suka Yi Hutun Ƙuruciya

Al'ada ce a ikilisiyoyinmu idan ma'aurata suka cika shekara 25, ko 40, ko 50 da aure, sai a shirya sujadar godiya, a ɗinka anko, a buga kalanda, a kira dangi na kusa da na nesa. Wannan abu ne mai kyau, gama godiya ta cancanta. Amma sau da yawa idan taro ya watse, sai a tarar maigida da uwargida ba su sami ko minti goma sun zauna su biyu ba, ga gajiya, ga kuma bashi.

Wani tsohon malamin makaranta da matarsa daga ƙasar Tangale sun bi wata hanya dabam. Da suka cika shekara 40 da aure, sun yi godiya a majami'a ranar Lahadi ba tare da biki ba, sa'an nan suka roƙi 'ya'yansu su ba su kuɗin da aka tara domin girki, su je gandun dajin Yankari su kwana uku.

Dalilin zaɓen wurin shi ne, dukansu biyu sun san shi tun suna yara, tun kafin su san juna. Shi mahaifinsa ne yakan kai su da ɗalibai a bayan babbar mota lokacin hutun Kirsimati. Ita kuwa kawunta ma'aikacin daji ne, wurinsa takan yi hutun makaranta. A lokacin ana kashe fam da sule, gama sai a 1973 naira ta fito, Bauchi kuma tana cikin Jihar Arewa maso Gabas, ba ta zama jiha ba sai a 1976.

Ga masu karatu da ba su taɓa zuwa ba, Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauchi. Mai zuwa daga Bauchi ko Gombe yakan ratse a Dindima, ya bi hanya zuwa ƙofar shiga a Mainamaji. Daga nan akwai tafiyar fiye da kilomita 40 cikin daji kafin a kai masaukin Wikki.

Abin da ya kai su can ya wuce yawon buɗe ido. Uwargidan ta bayyana cewa tun da autansu ya bar gida, maigidan kuma ya yi ritaya, sai gidan ya yi shiru. Ba faɗa, ba saɓani, amma hira ta ƙare. Shi yana gindin mangwaro da rediyonsa, ita tana hidimar Zumuntar Mata da jikoki. Shekara da shekaru maganarsu ita ce kuɗin makaranta da rashin lafiyar yara, da waɗannan suka wuce sai suka rasa abin faɗa wa juna. Gidaje da yawa suna cikin wannan hali, ba a kuwa kai ƙararsa wurin fasto, domin babu wanda ya yi laifi.

A Wikki sun tarar da abubuwa da yawa sun sake. Ɗakunan ba irin na da ba ne, mutanen da suka sani kuma babu ko ɗaya. Giwaye sun ragu ƙwarai saboda masu farautar haure, ko da yake garken Yankari yana cikin manyan garkunan da suka rage a Nijeriya. A fitar farko da mota sun ga ɓauna, da gwanki, da gwambaza, amma ba su ga giwa ba sai rana ta biyu, a kusa da kogin Gaji. Sun kuma ziyarci kogunan dutse na Marshall guda 59, waɗanda mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse. Ba su san da su ba suna yara, domin sai a 1980 aka gano su.

Abu biyu ne ba su sake ba. Na farko gwaggon biri, wanda har yanzu yakan shiga ɗaki ya kwashe abinci idan aka bar taga a buɗe. Na biyu ruwan Wikki, mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau har ana ganin farin yashi a ƙasa, ɗuminsa kuwa digiri 31 ne, rani da damina, dare da rana.

A bakin ruwan ne maigidan ya ba ta labarin yadda mahaifinsa ya koya masa iyo, da yadda bai taɓa yi masa godiya ba har ya rasu. Ita ma ta ba shi labarin daren da ta ji rurin zaki ta ɓuya a bayan matar kawunta. Ta ce masa, "Maigida, shekara 40 muna tare, ban taɓa jin wannan daga bakinka ba." Ya ce, "Mama, ai ba ki tambaya ba, ni ma ban tambaye ki naki ba." Tun da suka dawo sun ware yamma ɗaya kowane mako, a kashe rediyo, su zauna su yi hira.

Wanda yake da niyyar zuwa, lokacin rani ya fi, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suna taruwa a bakin Gaji. A nemi ɗaki tun kafin a tashi, musamman lokacin Kirsimati da Ista. A binciki lafiyar hanya, a yi tafiya da rana. Kada a shiga daji ba tare da jagora ba, kada kuma a ba birai abinci. Dattawa su riƙe magungunansu, su yi hankali da santsi wajen sauka zuwa ruwa.

Ba kowa ne yake da halin zuwa Yankari ba, ba kuma lalle sai can ba. Wani garin kakarsa ne, wata kuwa tsohuwar makarantarta ce ko rafin da ta yi wanka tana yarinya. Abin da ake bukata shi ne miji da mata su je su biyu kaɗai, kowa ya nuna wa ɗan'uwansa inda ya fito. 'Ya'ya kuma, kafin ku yanka anko, ku tambayi iyayenku abin da suke so. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.