A Dubi Ƙafar Kanta Kafin A Yi Lodi

In kaka ta yi, shinkafa ta taso daga Shanga, bandar kifi daga Wara ta ƙasar Ngaski, kowane sito a Yelwa sai ya cika. To, kafin lodi ku dubi ƙafafun kanta.

Tun da aka datse Kwara a Kainji cikin 1968, ruwa ya zo ƙofar gari, ƙasar bakin tafki ba ta rabuwa da laima. Ƙafa guda ta nutse, ko gara ta ci cikinta, sai kanta ta karkace ido bai gani ba. Ku ɗaura dutse a igiya, ku sako shi daga sama a jikin kowace ƙafa. In igiya ta rabu da katako, a sauke kaya, a yi wa ƙafar matashi da bulo. Buhu a ƙasa, kwandon kifi a sama, a bar taki guda daga bango.

Banda in ta farfashe, kuɗinta ya faɗi. Mai kaya yana can Anacha, dillalin da ya karɓi ajiya shi za a kama. Balle kanta ta rufto wa ɗan dako.