Maye ko Fatalwa? Martanin Ƴan Kallo ga Shirin Dracula na 2020 da Ma'aunin Mai Kallo a Ƙasar Adar

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ɗauki tsohon labari aka mai da shi shirin talabijin, mai kallo yakan zauna gaban akwatin ne da wani labari da ya riga ya sani a kansa, kuma da shi yake auna abin da ake nuna masa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wannan batu ta hanyar misali guda, wato shirin Dracula da tashar BBC ta nuna a shekarar 1920 da ɗari, wato 2020. Za a duba yadda ƴan kallo na Ingila suka karɓe shi, sannan a kwatanta ma'auninsu da wanda Bahaushen Adar, mutumin Tawa ko na Takanamat, yake da shi a al'adance. Daga nan za a taɓo matsalar fassara kalmar da Faransanci ke kira vampire, domin a nan ne batun ya shafi rayuwar mutane kai tsaye.

2.0 Littafin da sauye-sauyen da ya sha

Bram Stoker, mutumin ƙasar Ailan, shi ya wallafa littafin Dracula a 1897. An gina shi da wasiƙu da kundayen ajiye tarihin yau da kullum da guntayen jaridu. Labarin wani basarake ne na Transilbaniya, matacce amma bai kwanta ba, wanda ke rayuwa da jinin masu rai. Ya shiga jirgin ruwa mai suna Demeter ya sauka a garin Whitby na Ingila, ya fara ɓarna, har wasu mutane ƙarƙashin jagorancin Shehun malami Van Helsing suka kore shi, suka bi shi ƙasarsa suka halaka shi.

Abin lura shi ne, Dirakulan da yawancin Turawa suka sani a yau na majigi ne. A fim ɗin Nosferatu na Murnau (1922) aka fara nuna hasken rana na kashe mashayin jini. A littafin Stoker yana yawo da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Bela Lugosi (1931) da Christopher Lee (1958) da Gary Oldman (1992) kowa ya ƙara masa tasa siffa. Ke nan abin da mai kallo ke kira “asalin labari” tari ne na sauye-sauye da suka daɗe har aka saba da su.

3.0 Shirin 2020 da martanin ƴan kallo

Mark Gatiss da Steven Moffat suka tsara shirin, kashi uku, kowane kashi kimanin minti 90. An nuna shi a BBC ranakun 1 da 2 da 3 ga Janairu 2020, daga baya Netflix ta yaɗa shi a sauran ƙasashe. Claes Bang, ɗan ƙasar Danmak, ya fito a matsayin Dirakula. Manyan sauye-sauyen da aka yi guda huɗu ne:

(a) An mai da Van Helsing mace, ƴar zuhudun Kirista mai suna Agatha, wadda Dolly Wells ta taka.

(b) Tafiyar jirgin Demeter, wadda ƴan shafuka ce a littafi, ta cinye kashi na biyu sukutum.

(c) A ƙarshen kashi na biyu Dirakula ya fito daga teku bayan shekara 123, ya tarar da jirgi mai saukar ungulu da ƴan sanda. Kashi na uku duka a zamaninmu yake, har da wayar hannu da lauya mai kare masa haƙƙinsa.

(d) A ƙarshe an nuna cewa rana da gicciye ba su da iko a kansa. Tsoron mutuwa da kunyar kansa ne suka zame masa sarƙa. Ya sha jinin Zoe, jikanyar dangin Van Helsing mai ciwon daji, da sanin cewa zai kashe shi.

Kimanin mutum miliyan 3.6 suka kalli kashi na farko a daren da aka nuna shi, kuma adadin ya ragu a darare biyun da suka biyo. Martanin jama'a da na masu sharhi a jaridu ya tafi kusan hanya ɗaya: an yaba kashi biyu na farko, an fi yaba Agatha, sannan aka yi ca a kan kashi na uku. Wannan abin nazari ne, domin sauyi na (a) ya fi kowane nisa daga littafin, amma shi aka fi so. Haka kuma marubutan nan biyu sun riga sun kawo Sherlock Holmes cikin Landan ta zamani tun 2010, jama'a suka karɓa hannu bibbiyu. Bambancin shi ne, shirin Sherlock ya bayyana zamaninsa tun daga mintin farko, shi kuwa Dracula sai da ya zaunar da mai kallo awa uku cikin duhun fada da jirgin ruwa na 1897, sannan ya janye masa tabarma. Abin da mai kallo ya kare a nan shi ne alkawarin da yake ganin an yi masa, cewa tsoro yana can nesa, a wata ƙasa da wani zamani.

4.0 Ma'aunin Bahaushe

Ƙasar Adar ƙasar ƴan cin rani ce. Samari na tafiya Abijan da Najeriya da Libiya da Aljeriya, su dawo da waya da akwatin talabijin da faifan hasken rana, kuma finafinan Indiya da na Turawa, wasu da fassarar Hausa daga Kano, suna yawo daga waya zuwa waya. Mai kallo irin wannan bai karanta Stoker ba, bai san Lugosi ba. Amma ba da kai fanko yake zuwa ba. Siffofin da Bature ya haɗa cikin halitta guda, Bahaushe ya rarraba su gida huɗu.

Na farko, fatalwa: mamacin da ake ganin ya dawo. Tana firgitarwa, amma ba a san ta da cin mutane ba.

Na biyu, maye ko mayya, wanda manazarta masu rubutu da Faransanci ke fassarawa da mangeur d'âmes. Mutum ne mai rai, yana cikin gari, yana zuwa kasuwa da biki. Kurwa yake kamawa, mai ita ya kwanta ciwo, in ba a sake ta ba ya mutu. Pamela Schmoll, wadda ta yi bincike a yankin Maraɗi ta buga shi a 1993, ta bayyana imanin da ke cewa maita ƙanƙara ce a cikin ciki, ana gadonta ko a saye ta. Maganin da aka sani shi ne a tilasta wa wanda ake zargi ya tsallake marar lafiya.

Na uku, iskoki. Nicole Échard ta nuna a littafinta na 1989 irin zurfin da bori ya yi a Adar da Kurfai. A Dogon Dutsi kuma, Adeline Masquelier ta yi rubutu a 2008 kan Doguwa, iskar da ake cewa in an daina yi mata yanka, ko in maigidanta ya tura ta, takan koma shan jinin mutane. A nan ne jini ya shigo sosai.

Na huɗu, ƴan shan jini: masu neman dukiya ta hanyar tsafi, kamar yadda jita-jitar birane ke siffanta su.

5.0 Inda ma'aunan biyu suka saɓa

In aka ɗora shirin 2020 bisa wannan ma'auni, abubuwa uku ke fitowa.

Da farko, tsallen shekara 123 da ya ɓata wa Baturen Ingila rai ba ya karya wani alkawari a nan, domin al'adar Hausa ba ta taɓa ajiye maita a zamanin da ba. Ƙanƙarar da ake saye da kuɗi ƴar zamanin kasuwa ce. Masquelier ta rubuta a 2002 game da labaran iskokin da ke tare matafiya a kan babbar hanyar kwalta ta ɗaya, wadda ta ratsa kudancin Nijar. Wanda ya tashi da irin waɗannan labarai, mashayin jini mai waya da lauya ba baƙon abu ba ne a gare shi. Baƙon abu shi ne akwatin gawar da Dirakula ke kwana ciki, tun da Musulmin Adar da likkafani ake rufe shi, a kuma ranar da ya cika.

Na biyu, shirin ya ƙirƙiro cewa Dirakula na samun harshe da ilimi da tunanin duk wanda ya sha jininsa. Wannan ƙari ya matso da shi kusa da maye fiye da yadda littafin ya yi, domin abin da ake ci a nan mutum ne kansa, kamar yadda ake cin kurwa.

Na uku, akwai bambancin da babu sauyin da ya taɓa shi. Dirakula baƙo ne, daga wata ƙasa, kuma ba ya shiga gida sai an gayyace shi. Maye kuwa ɗan gida ne: maƙwabci, kishiya, tsohuwar unguwa. Tsoron Dirakula tsoron bare ne, tsoron maye kuwa zargin na kusa ne. Karin maganar da ke cewa in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba, tana nuna mutane biyu da za su ci gaba da haɗuwa a bakin rijiya ɗaya.

6.0 Matsalar fassara

Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da vampire, kuma kalmar da ta fi saurin zuwa bakin mai fassara ita ce “maye”. Tana da daɗin faɗi, kowa ya san ta. Sai dai tana ɗauke da haɗari. A finafinan Dirakula, mashayin jini ba mutum ba ne, kuma halaka shi jarumtaka ce: a soke zuciya da turke, a sare kai, a ƙone. In aka liƙa wa wannan halitta sunan maye, an haɗa hukuncin dodon Turawa da sunan da ake kiran mutum mai rai da shi a ƙauye. Kuma zargin maita ba wasa ba ne. A watan Fabrairu 2025 wata babbar kotu a jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata tsohuwa mai shekara 67 a yankin Wudil a 2023, bisa zargin maita da ya samo asali daga mafarki. Ba fim ya jawo wannan kisa ba; misali ne kawai na nauyin kalmar.

Don haka ana ba da shawarar a yi amfani da “fatalwa mai shan jini” a rubuce-rubucen ilimi da ƙamus na Hausa da Faransanci. Ta fi tsawo, amma ta riƙe siffofi biyu na asali, wato mutuwa da jini, kuma ba ta nuna kowa da yatsa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa martanin ƴan kallon Ingila ga shirin 2020 ya dogara ne kan abin da finafinan baya suka saba musu da shi, fiye da littafin 1897. An kuma ga cewa ma'aunin Bahaushe na iya karɓar abin da Bature ya ƙi, ya yi mamakin abin da Bature bai ko lura da shi ba. Darasin ga ɗalibi mai niyyar binciken ƴan kallo a Tawa da ƙauyukanta shi ne, kada ya fara da tambayar ko shiri ya bi littafi. Ya fara da sauraron sunan da masu kallo suka ba halittar da bakinsu, ko maye, ko aljani, ko fatalwa, ya lura da wanda ya faɗi sunan, namiji ko mace, tsoho ko yaro, wanda ya yi cin rani ko wanda bai yi ba. Daga wannan suna zai gane labarin da suka zo da shi wurin kallo.